Yadda gwanayen harbi a Amurka ke zaɓen ƙarfen dasa harsashi

A shekarar 2013, a wata gasar harbi da aka yi a Jihar Texas ta Amurka, wani mai suna Mike Stinnett ya harba harsashi biyar a kan takarda daga nisan yadi 100. Da alƙalai suka duba takardar, rami ɗaya suka tarar. Awon da aka yi daga baya ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin hudoji biyu mafiya nisa da juna inci 0.0077 ce, wato kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Da haka ya karya tarihin da Mac McMillan ya kafa tun 1973, bayan shekara 40 ba wanda ya iya taɓa shi.

Harsasan da aka yi wannan bajinta da su ba na kanti ba ne. Kamar akasarin masu irin wannan gasa, da hannu ake haɗa su ɗaya bayan ɗaya, ana awo a kowane mataki. Wannan al'ada ce da ta daɗe a Amurka, inda doka ta yarda mutum ya sake cika kwanson harsashi domin amfanin kansa. A Najeriya kuwa haramun ne, kamar yadda bayani zai zo a ƙarshe.

Cikin kayan aikin da masu wannan al'ada ke saye akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da guntun famfo, wanda tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Aikinsa shi ne dasa ƙwayar harsashi a bakin kwanso, shi ya sa za a iya kiransa ƙarfen dashe. Shi ne kayan aiki na ƙarshe da ke taɓa harsashi kafin ya shiga bindiga, kuma a kansa ake yawan gardama: wani na sayen na ƙasa da dala 50, wani na zuba sama da dala 100 a kan guda ɗaya. Abin da ke tsakanin biyun, da dalilin da ke sa mai tsadar wani lokaci ya kasa biyan buƙata, darasi ne a kan yadda ake sayen kayan aiki da ilimi.

Abin da ke cikin harsashi

Abin da jama'a ke kira harsashi haɗin abubuwa huɗu ne. Akwai kwanso, wanda galibi na tagulla ne. Akwai 'yar hular ƙyastu a gindinsa, wadda ke tayar da wuta idan allurar bindiga ta buge ta. Akwai garin albarushi a ciki. Sai ƙwayar da ke fita ta tafi, wadda yawanci darma ce aka lulluɓe da jan ƙarfe. Idan aka yi harbi, uku daga cikinsu sun tafi ke nan; kwanso ne kaɗai ke saura, kuma shi ne ya fi tsada a cikin huɗun. Ana iya sake amfani da shi sau da dama.

Mai sake cikawa yakan wanke kwanson, ya mayar da shi girmansa na asali da wani ƙarfe na daban da ke matse shi, ya sa sabuwar hula, ya auna gari ya zuba, sannan ya dasa ƙwaya. Ƙarfen matsi da ƙarfen dashe duk ana murɗa su ne a saman wani injin hannu mai mariƙi, wanda ke ɗaga kwanso ya cusa shi cikin ƙarfen. Kusan duk kamfanonin Amurka sun daidaita a kan zaren murɗi iri ɗaya, mai kaurin bakwai cikin takwas na inci da zagaye 14 a kowane inci, don haka ƙarfen wannan kamfani yakan hau injin wancan.

Kamfanonin da suka riƙe kasuwar tsofaffi ne. Fred Huntington ya kafa RCBS a garin Oroville na California a 1943. Redding na garin Cortland a Jihar New York, Forster na Lanark a Illinois, Hornady kuma na Grand Island a Nebraska, inda Joyce Hornady ya kafa shi a 1949. Richard Lee ya fara sayar da kayan Lee masu araha a 1958 a Jihar Wisconsin. Akwai kuma L.E. Wilson na garin Cashmere a Jihar Washington, wanda ke aiki tun 1927, kuma masu gasar harbi daga kan teburi suka fi amincewa da shi.

Aiki biyu da ake nema

Abu biyu ake buƙata daga ƙarfen dashe: ya kai kowace ƙwaya zurfi ɗaya, kuma ya shigar da ita a miƙe.

Muhimmancin zurfi yana da nasaba da yadda cikin bindiga yake. A gindin bututun bindiga akwai ɗakin da harsashi ke kwanciya. Gaba kaɗan da shi akwai inda tsagar bututu ke farawa, wato layukan nan da aka sassaƙa a murɗe domin su kama ƙwaya su juya ta kamar katantanwa, ta tafi ba tare da tangaɗi ba. Tsakanin jikin ƙwaya da farkon tsagar akwai 'yar tazara da ƙwayar ke tsallakewa kafin ta kamu. Zurfin dashe ne ke ƙayyade wannan tazara. Idan an tura ƙwaya ciki sosai, tazarar ta ƙaru. Idan an bar ta waje, ta ragu, har ta kai ga taɓa tsagar ko cusuwa cikinta.

A nan maganar ta wuce ta cin gasa, ta shafi lafiyar mai harbi. Ƙwayar da aka cusa cikin tsaga ba ta samun gudun farko, don haka matsin wuta a cikin bututu yakan ɗaga. Haka kuma ƙwayar da ta nutse fiye da kima takan rage sararin da ke cikin kwanso. Adadin garin da yake lafiya a wani zurfi yana iya zama haɗari a wani. Akwai kuma wata matsalar da aka sani: idan aka cusa ƙwaya cikin tsaga sannan aka fasa harbi aka buɗe bindiga, ƙwayar kan maƙale a bututu, kwanso ya fito, gari ya zube cikin bindigar.

Hukumar SAAMI, wadda masu ƙera makamai na Amurka suka kafa a 1926, ita ke fitar da iyakar tsawon kowane nau'in harsashi. Ga misali, iyakar nau'in 6.5 Creedmoor inci 2.825 ce, ta .308 Winchester kuwa kimanin inci 2.8. An tsara waɗannan awo ne domin harsashi ya shiga kowace bindiga ta wannan nau'i, ya kuma shiga gidan harsashinta. Mai neman ƙwarewa yakan auna ɗakin bindigarsa shi kaɗai, ya nemi zurfin da ya fi dacewa da ita, yana matsawa da inci 0.003 ko 0.005 a kowane gwaji. Inci 0.001 daidai yake da milimita 0.0254, wato bai kai kaurin silin gashi ba.

Aiki na biyu shi ne miƙewa. Idan ƙwaya ta shiga wuyan kwanso a karkace, a karkace za ta shiga tsaga. Ana gane karkatar ne da wani ma'auni mai allura: a kwantar da harsashi a juya shi da yatsa, allurar na nuna yadda kansa ke lilo. Masu gasa da yawa sukan so lilon ya tsaya a inci 0.002 ko ƙasa da haka.

Iri uku da ke kasuwa

Iri na farko shi ne na gama-gari, wanda ke zuwa cikin kwalin ƙarafa biyu ko uku da kowane sabon shiga ke fara saye. Bututu ne mai rami, da wata sandar turi da ake murɗawa daga sama a ɗaure da noti. Mai aiki yakan ɗora ƙwaya a bakin kwanso da yatsunsa, ya ja mariƙi, kwanso ya hau, sandar ta tare ƙwayar ta tura ta ciki. Rauninsa shi ne babu abin da ke riƙe ƙwayar a miƙe a farkon tafiyar, kuma gyaran zurfi na lalube ne: a kwance noti, a murɗa kaɗan, a dasa, a auna, a sake. Yawancin irin wannan suna da wata 'yar kafaɗa a ciki da ke danƙe bakin kwanso a jikin ƙwaya. Ana buƙatar danƙewar a bindigogi masu tsananin girgiza da waɗanda harsasai ke jeruwa kai da gindi a cikinsu, amma masu harbin ƙwarewa galibi ba sa so. Saboda haka sukan ɗaga ƙarfen kaɗan domin kafaɗar ta kauce wa bakin kwanso. Sabon shiga da bai san haka ba yakan lanƙwasa kafaɗar kwansonsa, harsashi ya ƙi shiga bindiga.

Iri na biyu shi ne mai kube. A cikinsa akwai wani kube mai zamewa da sifirin ke turowa ƙasa, wanda aka rarake cikinsa da siffar ɗakin harsashi. Kwanso na shiga kuben ya kama shi daga gindi zuwa wuya, ƙwaya kuma ta shiga wani siririn rami daidai kaurinta, duk kafin turi ya fara. Ta haka kwanso da ƙwaya da sandar turi ke kasancewa a layi ɗaya. Ƙarfen gasa na Redding da na Forster su ne sanannu a wannan tsari. Hornady na amfani da ɗan gajeren kube da ke riƙe ƙwaya da wuyan kwanso kawai. Wasu na RCBS kuma suna da taga a gefe, inda ake jefa ƙwaya ta faɗa daidai wurinta, abin da ke sauƙaƙa aiki da ƙananan ƙwayoyi masu wuyar riƙewa.

Yawancin masu kube suna zuwa da kai mai lambobi irin na maikiromita, wanda kowane layinsa ke nufin inci 0.001. Mai son ƙara zurfi da inci 0.004 sai ya murɗa layi huɗu. Mai amfani da ƙwaya iri biyu kuma yakan rubuta lambar kowacce a littafi, ya koma mata duk lokacin da ya so. Sai dai akwai abin da masu talla ba su cika faɗa ba: kan mai lambobi ba ya ƙara wa harsashi miƙewa ko kaɗan. Forster na sayar da ƙarfe mai kube iri biyu, ɗaya da kan lambobi ɗaya babu, kuma kayan cikinsu tsari ɗaya ne. Ƙarin kuɗin na saukin gyara ne da adana lokaci. Lambobin ma ba sa faɗar tsawon harsashi, canji kawai suke nunawa, don haka dole a ci gaba da aunawa.

Iri na uku shi ne na hannu, wanda Wilson ya yi fice da shi. Ba shi da zaren murɗi, ba ya hawa babban inji. Dunƙulen ƙarfe ne da aka rarake da siffar ɗakin harsashi: a kifa shi a kan kwanso, ƙwaya ta shiga raminta, a ɗora sandar turi daga sama, a danna da wani ɗan ƙaramin inji da ake iya ɗauka a jaka. Amfaninsa biyu ne. Na ɗaya, sassansa kaɗan ne, don haka wuraren da kuskure zai shiga ma kaɗan ne. Na biyu, da yake ƙaramin injin ba shi da ƙarfin babba, hannun mai aiki na jin nauyin shigar kowace ƙwaya. Wadda ta shiga da sauƙi fiye da sauran, ko da tauri, sai a ware ta gefe a yi atisaye da ita. Akwai injinan da aka ƙara wa agogon auna ƙarfin dannawa, har ma da na kamfanin AMP na ƙasar New Zealand da ke zana jadawalin ƙarfin a kwamfuta. Masu gasar teburi sukan haɗa harsasansu a filin gasa tsakanin zagaye da zagaye, shi ya sa wannan iri ya dace da su. Aibinsa shi ne jinkiri.

Sandar turi, abin da aka fi mantawa

Kowane iri mutum ya zaɓa, sashen da ke taɓa ƙwaya shi ne bakin sandar turi, wanda aka rarake kamar mazurari. A nan ne mafi yawan masu sayen ƙarfe mai tsada ke cizon yatsa.

Ƙwayar harsashi na da sassa uku da suka shafi wannan magana: ƙugu, wanda ke gogar bututu, gangare, inda jikinta ke sirancewa, da tsini. Abin da ake so shi ne mazurarin sanda ya kama gangaren, kusa da inda tsagar bututu za ta fara taɓawa. Dalili kuwa shi ne tsinin ƙwayoyi ba ya zuwa daidai, musamman masu buɗaɗɗen baki da ake amfani da su a gasa. A kwali ɗaya ana iya samun bambancin tsawo na inci 0.005 ko fiye. Idan sanda na turi ta tsini, wannan bambanci kai tsaye zai koma cikin zurfin dashe.

Matsalar ta ƙaru ne da yaɗuwar dogayen ƙwayoyi masu siririn kai, waɗanda ke ratsa iska da sauƙi, irin na VLD da kamfanin Berger ya shahara da su. Tsohuwar sandar da aka rarake domin gajerun ƙwayoyin farauta ba ta da zurfin da zai ɗauki dogon kai, sai tsini ya buga ƙarshen ramin kafin gangare ya zauna. Sakamakon shi ne zurfi mai hawa da sauka, da karkata, wani lokaci har da lanƙwasar tsini. Wata alamar rashin dacewa ita ce zobe da bakin sanda ke bari a jikin ƙwaya, saboda kaifin bakin ne kaɗai ke taɓa ta.

Gwajin da masana ke yi ba ya cin ko sisi. Sukan ciro sandar, su shafa wa kan ƙwaya tawada, su cusa ta da hannu su juya. Inda tawadar ta goge, nan ne wurin taɓawa. Idan tsini ne ya goge, ko ƙwayar na kaɗawa a ciki, sandar ba ta dace ba. Maganin ma ba shi da tsada: Redding na sayar da sanda ta musamman domin dogayen ƙwayoyi, Hornady na da sanduna daban-daban domin ƙwayoyinsa na ELD da na A-Tip, wasu kuma sukan goge bakin sandarsu da man gogewa har ya ɗauki siffar ƙwayar da suke amfani da ita. Sau da yawa sauya sanda kaɗai na warware abin da mutum ya yi niyyar sayen sabon ƙarfe dominsa.

Wannan ne kuma ya sa masu ƙwarewa ba sa dogaro da awon harsashi daga gindi zuwa tsini. Sukan ɗaura wani zoben awo a bakin ma'auninsu, wanda ke zama a kan gangare, su auna daga gindi zuwa nan. Awon gindi zuwa tsini na da amfani wajen tabbatar da cewa harsashi zai shiga gidansa, amma awon gangare ne ke faɗar tazarar da ƙwaya za ta tsallake.

Abin da ƙarfe ba zai gyara ba

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yawancin karkatar da ake ɗora wa ƙarfen dashe tun a matakin matse kwanso take samuwa. Ƙarfen matsi na gama-gari yakan matse wuyan kwanso fiye da kima, sannan wani ɗan ƙwallo ya ja shi ya buɗe a kan hanyar fita. Idan ƙwallon bai zauna a tsakiya ba, wuyan zai fito a karkace, kuma duk ƙwayar da aka dasa a ciki za ta bi shi. Ƙarfe mai kube na iya hana ƙarin karkata, amma ba ya miƙar da wuyan da ya riga ya kauce. Hanyar gano mai laifi ita ce a auna lilon wuya bayan harbi, a sake aunawa bayan matsi, sannan bayan dashe. Matakin da allura ta yi tsalle, nan matsalar take.

Na biyu shi ne riƙon wuya, wato yadda wuyan kwanso ke damƙe ƙwaya. Yawanci akan bar cikin wuyan ya gaza kaurin ƙwaya da kimanin inci 0.002. Tagulla na ƙara tauri duk lokacin da aka harba ta aka matse, don haka kwanson da aka yi amfani da shi sau shida ba ya karɓar ƙwaya kamar sabo. Idan taurin ya bambanta, zurfin dashe ma zai bambanta ko da ba a taɓa saitin ƙarfe ba. Shi ya sa masu gasa ke gasa wuyan kwanso da zafi domin ya yi laushi, suke kuma share kaifin cikin bakinsa domin kada ya kankare jikin ƙwaya.

Na uku shi ne cikar kwanso. Idan gari ya cika har ƙwaya na danne shi, yakan turo ta baya kaɗan bayan an dasa. Ƙarfe mai kube ma bai son irin wannan aiki, domin bangon sandarsa siriri ne, yana iya buɗewa ko tsagewa. Redding da kansa yana gargaɗi a kan haka.

Akwai kuma batun ɗakin bindiga. An rarake kuben kasuwa ne bisa awon gama-gari. Wanda maƙerin bindiga ya yanka wa ɗaki na musamman, ko yake harba nau'in da babu shi a kasuwa, yakan sayi ɗanyen ƙarfen Wilson da ba a gama rarakewa ba, ya kai wa maƙerin ya rarake shi da abin da ya yanka ɗakin bindigar. Kamfanoni irin su Whidden na Jihar Georgia kuma sukan ƙera ƙarfe daga kwanson da aka riga aka harba a bindigar mai saye.

Shin tsadar na biya?

A nan ne ra'ayi ya rabu. Shekaru da dama an ɗauka cewa kowace bindiga na da wani zurfi guda da ta fi so, kuma ana gano shi da harbi uku-uku ko biyar-biyar a kowane zurfi. A 'yan shekarun nan injiniyoyin Hornady sun fito fili sun ƙalubalanci wannan, suna cewa harbi uku ko biyar bai isa a yanke hukunci ba, domin sa'a kaɗai na iya tara harsasai uku wuri ɗaya. A cewarsu, idan aka harba 20 ko 30 a kowane zurfi, yawancin bambancin da ake gani yakan dushe. Masu gasar teburi da dama ba su yarda ba, suna kafa hujja da abin da suke gani a bindigoginsu, waɗanda daidaitonsu ya kai a ga ɗan ƙaramin canji.

Siffar ƙwaya ma ta shigo cikin gardamar. An san dogayen ƙwayoyin VLD da saurin nuna bambanci idan tazara ta canza, yayin da masu zagayayyen gangare ke da haƙuri. Wannan ne ya sa Bryan Litz, masanin tafiyar harsashi na Berger, ya tsara wata ƙwaya da ta haɗa siffofin biyu, domin a samu saurin ratsa iska ba tare da wahalar neman zurfi ba. Mai harba irin wannan ba ya buƙatar yawan murɗe-murɗe.

Wani abin lura shi ne farkon tsagar bututu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Zafin kowane harbi na cinye shi kaɗan-kaɗan, tazara na ƙaruwa, har bututun ya ƙare bayan 'yan dubban harbi a nau'o'i masu zafi. Wasu sukan riƙa fito da ƙwaya waje suna bin tsagar, kuma a wurinsu kai mai lambobi na da amfani ƙwarai. Wasu kuwa sukan zaɓi zurfin da ke jure canji su bar shi har bututu ya mutu.

Kowa da abin da ya dace da shi

Idan aka tattara, abin da mutum ke harbi shi ke faɗar ƙarfen da ya kamace shi. Maharbin barewa da ke harbi daga yadi 200 ko 300, yana neman wuri mai faɗin faranti, ƙarfen gama-gari da aka saita da kyau ya wadatar da shi. Kuɗin da zai ƙara gara ya sa su a atisaye.

Mai gasar F-Class, wadda aka sa wa sunan ɗan Kanada George Farquharson, yana harbi ne har yadi 1,000, kimanin mita 914, kuma zoben tsakiyar allonsa inci 5 ne kacal a wannan nisa. Shi yakan zaɓi mai kube da kan lambobi, ko na hannu da agogon auna ƙarfi. Mai gasar PRS, wadda aka fara a 2012, inda ake bugun faifan ƙarfe daga wurare dabam-dabam cikin ƙayyadadden lokaci, yana buƙatar harsashi kimanin 200 a gasar kwana biyu, kuma dole su shiga gidan harsashi. Shi mai kube a kan babban inji ya fi masa, domin sauri. Mai gasar teburi, wanda ke neman rami ɗaya, galibi na hannu yake riƙewa.

Shawarar da tsofaffin hannu ke bai wa sabbin shiga ita ce su fara sayen abin awo kafin abin gyara: ma'aunin tsawo mai kyau, zoben awon gangare, da ma'aunin karkata. Wanda ya dasa ƙwaya 20 da ƙarfensa na gama-gari ya ga zurfinsu bai bambanta da fiye da inci 0.001 ko 0.002 ba, lilonsu kuma kaɗan ne, ba shi da matsalar da sabon ƙarfe zai warware. Wanda ya ga bambanci kuwa, sai ya bi sawu daga sandar turi zuwa wuyan kwanso kafin ya buɗe aljihu.

Matsayin doka

A Amurka dokar tarayya ba ta buƙatar lasisi ga mai cika harsashi domin kansa, amma mai yi domin sayarwa dole ya mallaki lasisin ƙera harsasai. A Birtaniya sai mai takardar izinin mallakar bindiga ke iya sayen hular ƙyastu ta irin waɗannan harsasai. A Jamus kuwa sai mutum ya yi kwas ya ci jarrabawa, ya samu izini a ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa, kafin ya sayi gari.

A Najeriya, Dokar Makamai da ta fara aiki a 1959 ta haramta wa kowa ƙera ko haɗa bindiga ko harsashi, sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar da aka kafa domin rundunonin tsaro da amincewar Shugaban Ƙasa. Shigo da harsasai da sassansu ma sai da izini, kuma saɓa wa dokar na jawo ɗauri. Aikin ƙera harsasai a ƙasar yana hannun Hukumar Masana'antun Tsaro ta DICON, wadda aka kafa a Kaduna a 1964, kuma aka sabunta dokarta a 2023. A irin waɗannan masana'antu injina ne ke dasa ƙwaya dubu-dubu, bisa awo ɗaya da zai shiga kowace bindiga ta nau'in da aka ƙera harsashin dominta.